Rasit Goma da Rana Ta Ƙona

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Rangwame,
Kantunan Tuckwell, Brisbane.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar talaka da ya san matsayinsa, ina fatan na'urar sanyaya ofishinka tana nan lafiya. Mu nan Quilpie muna ta gasuwa, mun gode.

Ni ce Noelene Pascoe, tsohuwa mai cin fansho. 'Yata Sharna, wadda muka yi shekara shida ba ma magana, ta ce za ta kawo min jikoki bikin Kirsimeti. Na yi mata alkawarin gasasshiyar cinyar rago, irin wadda marigayi babanta Des yake gasawa. Fansho bai kai nan ba. Sai ga alherinka: wai duk wanda ya tara rasit goma masu tambarin rangwame a jikinsu, zai samu cinyar a rabin kuɗi. Na tara, yallaɓai. Ga 'yan koke-kokena:

1. Tambarin ba ya fitowa sai an sayi "kayan mako". Mako bakwai cikin goma, kayan makon waken gwangwani ne. Yanzu ina da gwangwani arba'in da biyu, ni kaɗai a gida. Yaƙi ake shirin yi ba a gaya mana ba?

2. Reshenka mafi kusa yana Charleville, tafiyar awa biyu da rabi. Sau goma na je na dawo ina kauce wa dabbobin kangaru a kan hanya. Mai gidan man garinmu ya ce in miƙa maka godiyarsa.

3. Littafinka na dabarun tsimi ya ce a ajiye rasit inda ido zai riƙa gani. Na yi biyayya, na jera su a gaban mota, ƙarƙashin gilashi. Wane gwani ne ya zaɓo takardar da ke baƙi ƙirin in ta ji zafi, ya aiko ta ƙauyukan jiharmu ta Queensland a watan Disamba, tsakiyar lokacin zafinmu? A ƙara masa girma, don Allah.

4. Jiya na miƙa su ga Raelene mai karɓar kuɗi. Ta juya, ta hura, ta ɗaga sama, ta ce, "Haba Anti Noelene, ai gawayi kika kawo min!" A gabanta na yi sayayyar nan sau goma, amma wai na'ura ba ta shaida ni ba. Kunya ta hana ni kuka sai da na shiga mota.

Ban zarge ka da komai ba, wane ni! Gayyata ce kawai. Jibi Sharna za ta iso, wake za a ci. Ka zo ka yi wa jikokina bayanin tsimi da bakinka mai albarka. Na ware maka kujerar Des, wadda ba wanda ya zauna a kanta tun da ya rasu. Wuƙarsa ta yankan nama ma na wasa ta tun makon jiya. Da ita za ka buɗe mana gwangwani.

Taka mai biyayya har ta ƙone,
Noelene Pascoe (Misis)
Rasit goma na haɗe, a karanta da kyau.