Ranar da Aka Nemi Zuciyata a Dapango

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan manta da ranar da na cire riga a gaban surukina ba.

Zamanin Faransa ne, ina tafinta a asibitin Sokode, ina da gajeren wando fari da girman kai da ya fi wandon tsawo. Aka kawo na'urar duba ƙirji, wadda muke ce wa radiyo, muka loda ta a mota zuwa Dapango neman masu tarin fuka. Murna ta cika ni, don a can Habi take, 'yar Baba Sani mahauci, wanda ya yi wata da watanni yana ja mini rai a kan aurenta.

Da muka isa, mutanen zango suka ƙi shiga. Wai injin yana shan jini. Ni kuwa na ga dama ta samu (wa ya aike ni?), na ce a shigo da dattawa ɗakin duhun da aka kafa na'urar su kalli nawa ƙirjin. Baba Sani na sa a gaba.

Na cire riga, na tsaya bayan gilashin na'urar ina hura hanci. Likita ya duba. Ya juya ni, ya sake dubawa. Sai ya hau murna kamar an yi masa haihuwa: zuciyata a dama take, hanta a hagu, komai a juye. A littafi kawai ya taɓa gani.

"Fassara musu," in ji shi.

Na juya na ce musu, "Likita ya ce lafiyata ƙalau."

"Duk wannan doguwar magana?" in ji Baba Sani.

Likita bai jira ni ba. Ya kama hannun tsohon ya ɗora a hagun ƙirjina. Shiru. Ya mayar dama, inda take bugawa kamar za ta fasa ƙashi. Kunya ta kama ni.

"Mushe tafinta," in ji Baba Sani (haka bakinsa ke faɗin monsieur na Faransanci), "tun ina yaro nake fiɗa. Ban taɓa buɗe rago na ga haka ba. In na gani ma, ba ni sayarwa."

Dattawa suka tuntsire da dariya, suka shiga layi, kowa yana son ya san inda tasa take. Likita ya sami aiki, ni kuwa na tabbata na rasa mata, ko da yake ya rantse abin ba ciwo ba ne.

Da la'asar Habi ta same ni a zauren gidansu, fuska a ɗaure.

"Baba ya yarda, wai kai ba na yanka ba ne. Ni ce ban yarda ba. Duk rantse-rantsen da ka yi mini, hannunka a hagu ka dafa, wurin da babu kowa. Sake su daga farko."

Na dafa dama, na sake su ɗaya bayan ɗaya, ƙannenta suna leƙe.

Tun ranar ban ƙara cewa a fara da ni ba, sai dai in tuwo aka kawo.