Yadda Za Ka Samu Shaidar Kyautata wa Manoma da Famfon da Ba Shi da Rijiya

Kai mai kamfanin riɗi, matso kusa. Turawan da ke saye sun ce sai ka nuna takardar shaidar cewa kana kula da ƙasa da manomanka. Ba dole aka yi maka ba, sai dai in babu ita buhunanka su tsufa a sito. Bi sawun Alhaji Gwadabe na Limawa. In ba ka samu ba, zo ka aske mini gemu.

1. Kafa famfo

Nemi ƙauyen da rijiyarsa ke ƙafewa da bazara. Alhaji ya samu nasa a bayan Kiyawa. Ya gina ɗan ɗaki, ya ɓoye tanki a ciki, ya fito da kan famfo ta bango, ya shafe da koren fenti. Haƙa burtsatse? Wa ya aike ka! An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma idon baƙo bai san zurfi ba.

2. Allon sunanka ya fi famfon girma

Wannan ba ya son bayani.

3. Tarbi masu duba

Sa 'yan ga-ruwa su cika tankin kafin masu ba da takardar su iso. Alhaji ya murɗa, ruwa ya zubo, aka rangaɗa guɗa, aka ɗau hoto, aka cika wa baƙi but ɗin mota da dabino. Takarda ta fito! Wata tsohuwa, Inna Kaltumi, ta ce, "Alhaji, Allah ya sa gobe ma ya zubo." Ka ce amin da ƙarfi, ka faɗa mota.

4. Bambance mai duba da mai bincike

Mai duba kafin la'asar ya tafi. Mai bincike da katifa take zuwa. Haka Malama Hindatu ta sauka gidan Inna Kaltumi daga jami'a, wai tana nazarin ko takardun nan na canja rayuwar manoma.

"Malama, yaushe za a koma?" in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, sai bayan kaka. Abin da na gani zan rubuta, Turawanka ma suna karantawa."

"Ai 'yata ce yanzu," in ji Inna. "Kullum tare za mu riƙa zuwa famfonka."

5. Kada tanki ya ƙafe

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Alhaji ya shiga turo motar ruwa daga Dutse, wai kayan gini take kawowa. Ƙauyukan kusa suka ji labari, Fulani suka koro shanu, Inna ta kafa lambun tumatir da zogale har da kabewa! Alhaji ya rame, hula ta fara juya masa a ka.

6. In ƙarya ta fi ƙarfinka, haƙa

Alhaji ya kira masu injin haƙa, ya ce wa jama'a ɗan gyara ne. Ruwa ya yi tsiri sama, yara suna tsalle a ciki, Malama tana rubutu. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Sannu, Alhaji. Rijiyar tamu ta gaji da hawa mota, ta sauko ƙasa?"

Hattara: takarda na yi maka alkawari, Alhaji kuma tasa tana jikin bango. In ka hango baƙuwa da katifa a kan babur, babu hannuna, kada ka doso ƙofata da aska.