Faifai Huɗu na Ƙungiyar Shinkafa

Wani ne a Haɗeja, irin masu yawo da wayar caja a wuya suna kiran kansu injiniya. Ƙungiyar manoman shinkafa ta ɗauke shi ya kula da babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen manoma da gonakinsu, tun daga Auyo har Guri. Wanda babu sunansa a ciki, ranar rabon iri da taki sai dai ya yi kallo.

Aka sayo faifan ajiya guda huɗu daga Kano. Mai shagon ya kira shi a waya ya ce, "Malam, hanya biyu ce. Ko ka jera su tagwaye, abin da aka rubuta a wannan a kwafe a wancan, in ɗaya ya mutu ɗan'uwansa ya riƙe. Ko kuma ka raba aikin a kan huɗun gaba ɗaya. Wannan gudu gare shi, amma..."

"Tsaya nan," in ji mutumin. "Tagwaye? In sayi kwalekwale biyu, in hau ɗaya, in riƙa jan ɗayan ba kowa a ciki? A raba kawai."

"To ka ji amman tukuna."

"Riƙe abinka, kati na ƙarewa."

Ya jera su a rabe. Na'ura kuwa ta kama gudu. Kafin manomi ya gama faɗin sunan ubansa, gonarsa ta fito. Mutumin ya daina amsa sallama sai da hannu.

Damina ta yi nauyi, ruwa ya fara leƙo unguwa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Bakari, ya ce, "Injiniya, kayan kwamfutar nan fa, in ruwa ya shigo?"

Ya ce, "Alhaji, ni ɗan fadama ne. Wane manomi mai hankali ke zuba irinsa duka a gona ɗaya? Ɗaya a kwari, ɗaya a tudu, in ruwa ya ci nan ya bar can."

Alhaji ya ce wallahi gaskiya ne.

Sai gogan naku ya zare faifan nan, ya naɗe kowanne a leda. Ɗaya ya tura Kafin Hausa a babur, ɗaya Guri, ɗaya ya cusa a rufin ɗakinsa. Na huɗun ya ba mai kwalekwale ya kai Auyo. A tsakiyar ruwa kwalekwale ya karkata, mutane suka tsira, leda ta yi ƙasa.

Da ruwa ya janye, aka aiko cewa masu rabon iri na tafe, a fitar da sunaye. Manoma suka cika ƙofar ofis. Mutumin ya tattaro faifai uku ya maƙala, ya kunna yana murmushi. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ya hura, ya daddaka, ya yi masa tofi. Shiru.

Ya kira Kano, ya buɗe murya don kowa ya ji yadda zai wanke mai shago.

Mai shago ya ce, "Ai amman da ka hana ni faɗi ke nan. Ba wai mutanen Guri na faifai ɗaya, na Auyo na ɗaya ba. Kowane suna yanka shi ake yi huɗu, a ba kowane faifai yanki. In ɗaya ya tafi, babu sunan da zai karantu."

Alhaji Bakari ya cire hula ya share gumi. "Wato har da nawa sunan ya tafi?"

Mutumin ya gyara tsayuwa ya ce, "Alhaji, a kwantar da hankali. A lissafi fa ba mu yi asara ba. Kashi ɗaya kawai ruwa ya ci, uku na nan lafiya lau."

Alhaji ya mayar da hularsa, ya dubi manoma ya ce, "To madalla. Ku cire masa kai kawai ku jefa a kogi, sauran kashi ukun su zo aiki gobe."