Famfon Zaki Ba Ya Zama Ƙasa

A wani daji da ba zan kama sunansa ba, don ina da surukai a can, dabbobi suka samu kwamfuta mai faɗin ranar da kogi zai yi ambaliya. Zabuwa Hansai ta fi kowa buƙatarta, don ƙwanta na kwance a bakin gaɓa.

Ranar da aka buɗe akwatin, Hansai ta saki baki. Gilashi garau, fitilu na sauya launi kamar hawainiya, ga siraran bututu ruwa na zagayawa a ciki, wai don kada kan na'urar ya yi zafi. "Ikon Allah," in ji ta. "Abu da jijiya da jini, amma ba uwa."

Biri Ɗantani, mai haɗa ta, ya durƙusa gaban majalisa. "Ranku ya daɗe, famfo ke tura ruwa, lagireto ya shanye zafin, fankoki su kore shi waje. Lagireto sama ake sa shi, famfo ƙasa. Iskar da ta ɓuya a bututu sama take hawa, in ta taru a famfo sai ya shaƙe."

To, ga inda gizo ke saƙa. Famfon kyautar Zaki ne. Lagireton kuwa Kura ce ta kawo, kuma ba wanda ya tambaye ta daga motar wa.

Dila ya gyara murya. "Ni ban san bututu ba, amma na san ladabi. Tun kaka da kakanni ba a taɓa ɗora kayan Kura a kan na Zaki ba. Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Iskar ma ai ta san manya."

Giwa ta ƙara da cewa bai kamata fankoki su riƙa wahala don wani zafi ba. Su yi gudu in babba ya shigo, su sassauta ga matsakaici, su huta in talaka ne. Biri ya buɗe baki zai yi magana, sai aka naɗa shi Sarkin Fanka. Rawanin kuwa har da amawali, ya rufe bakin ruf.

Aka kuwa ɗora famfo sama, lagireto ƙasa. Ba a jima ba famfo ya fara ƙugi, ƙululu, ƙululu. Jama'a suka zube ƙasa. "Kirari take yi wa Zaki," in ji su. Hansai ma tsigar jikinta ta tashi, kada ku ce na faɗa.

Da hadari ya haɗo gabas, Hansai ta bi layin ganin na'urar tun safe. Tana isa gaba, fankoki suka tsaya cak, bisa doka.

"Baiwar Allah," ta ce a hankali, "in kwashe ƙwaina, ko da saura?"

Akwatin ya huro mata zafi kamar bakin murhu. Ƙauri ya tashi. Fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi ko a mutuwar kyau gare su.

"Kin gani ko, Hansai?" in ji Dila. "Ba ta saba magana da ƙanana ba. Kin ba ta kunya."

Hansai ta nemi gafarar na'urar, ta ruga gaɓa, ta shiga mirgina ƙwan da baki zuwa tudu, yayyafi na dukan bayanta. Wasu sun kai. Majalisa kuwa ta zauna shawarar irin tarar da ta dace da ita.

Kogi ya iso da hantsi. An ce bai gaida kowa ba.