Yadda Za Ki Yi Uwa a Kore Mairuwa, Ki Tafi Ki Bar Ta

Barka da sauka, ƴar sa-kai. Kin baro ƙasarku mai sanyi don ki cece mu, mun gode. Ni ne direban da ke ɗauko irinku daga tashar Dogon Dutsi zuwa garin Kore Mairuwa, na daɗe ina kallon yadda ake yi. Ki bi matakan nan, na tabbatar miki za ki koma gida da labarin da za a yi ta yi miki tafi a kansa. Cécile, wadda ta riga ki zuwa, ta bi su tiryan-tiryan, kuma ta ci nasara.

1. Ki gama fahimtarmu tun daga tagar mota

Kada ki jira sai kin sauka. Kin ga jaki, kin ga rumbu, kin ga mata da jarkoki, shi ke nan, kin san Arewa. Ki sanar da mutanenku cewa ba mu da komai amma kullum muna murmushi. Ba sai kin binciki abin da ke ba mu dariya ba.

2. Ki ba mu labarin rana

Duk wanda kika gamu da shi, ki gaya masa akwai zafi. Ba mu da labari.

3. Ki nemi ɗakin da ya fi kyau

Gidan Inna Hannatu za a sauke ki, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin kasuwa. Ɗakin da ke jikin nata na ɗiyarta Zalihatu ne, ita kaɗai ta haifa, kuma ta rasu da daɗewa. Inna ba ta taɓa buɗe wa kowa shi ba sai da Cécile ta zo. Cécile ta shiga, ta ɗaga waya sama ta ga rezo, wato sabis, na kamawa, ta ce ya yi. Masana sun tabbatar da cewa iyakar abin da ake dubawa a ɗaki ke nan.

4. Ki karɓi suna

Nan ne ribar take. Da zazzaɓi ya kayar da Cécile, Inna ta bar kaskonta ta yini tana yi mata fifita, tana ba ta kunu da ludayi. Da ta miƙe, tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce, "Daga yau Zalihatu as sunanki. Allah ya amshi guda, ya maido min guda."

Cécile ta ce da Faransanci, "Trop mignon!" wai abin gwanin sha'awa. Ta miƙo mini waya na ɗauke su hoto. Ke ma haka za ki yi. Ki ɗauki sunan kamar munduwar kasuwa, ki saka a nan, ki cire a filin jirgi.

5. Ki ce "Inna" da ƙarfi

Tsakanin rabon sabulu da koya wa matan gari yadda ake wanke hannu, ki riƙa kiran ta Inna a gaban jama'a. Ki ci dambunta har ki suɗe kwano. Za ta ja ki gidan suna da gidan biki tana nuna ki, har ta yi faɗa da duk wanda ya ce miki anasara, wato Baturiya. Ki bar ta ta yi, hotunan suna fitowa da kyau.

6. Ki yi kuka, ki yi alkawari

Ranar tafiya ki rungume ta, ki ce za ki dawo lokacin kaka. Za ta ba ki gyaɗa da zanen marigayiya. Ki karɓa. Zanen ya dace da teburin cin abincin Cécile, mun gani a hoto.

7. Ki jefar da layinki na nan

Sauran aikin namu ne. Duk ranar kasuwa Inna kan tare motata in buga mata lambar Cécile. Muryar matar kamfani ce ke amsawa, da Faransanci, cewa ba a samun mai layin. Inna takan gyara tsayuwa ta ce, "Sannu ɗiyata, ina aiki? In Zalihatu ta zaka, ki ce mata an yanke hatsi. Ki ce ba hushi nika yi ba." Abin yana ƙona mini rai ƙwarai, amma ni tuƙi aka ɗauke ni in yi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba, ko na baƙuwa ko na mai masauki. In kin isa kika tarar an shimfiɗa miki tabarma a rumfa, ƙofar kuma a kulle, kada ki kawo mini ƙara. Na riga na yi wa Inna magana a kanki. Ta ce za ta ba ki ruwa da tuwo da hannu biyu, amma ɗakin yana da mai shi. Zalihatu tafiya ta yi, kuma ta ce za ta dawo.