Motar Soja a Hannun Mai Yankan Jarka

Wani mutum ne aka yi a Kurfi, sana'arsa yanka tsofaffin jarkoki yana ƙera motocin wasa. Wuƙa yake sawa a garwashi, in ta yi ja ya tsaga roba da ita, ya yi tayoyi da tsohon silifas, ya ɗaura zaren ja. Duk ranar kasuwa sai ya hawo kekensa zuwa Dutsin-Ma ya baje kusa da rumfata. Ni kaji nake sayarwa da jarkokin da aka juye mai, tun rasuwar mai gidana. Saboda haka wannan labari ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

Lokacin nan ne da soja ke sa mutane bin layi da bulala. Wata rana sai ga Tomas, wani ma'aikaci a cikin gari, da abu nannaɗe a tawul, yana waige-waige. Ya buɗe a gaban mutumin. 'Yar mota ce ja, bodinta ya tsage gida biyu.

Tomas ya ce, "Malam, ta ƙanin matata ce, Ernest. Soja ne, daga ƙasar waje ya zo da ita. Ajiya ya ba ni, na manta na zauna a kanta. Jibi zai zo ɗauka."

Mutumin ya jujjuya ta. "Ina ake ɗaura zaren?"

"Ba ta da zare."

"To da me ake janta?"

Tomas ya ciro wani ɗan akwati mai eriya, ya danna. Mota ta zabura da kanta, ta shige ƙarƙashin kejin kajina. Kafin ka ce me, mutumin yana kan benci tsaye. Da ta tsaya ya sauko, ya karkaɗe riga, ya ce, "Na san irinsu. Mu a Kurfi har an daina yayinsu."

Tomas ya ce, "Sabon bodi nake so, ja, marar nauyi, don injinta ƙarami ne. In ka ɓata ta, wallahi kai zan nuna wa Ernest."

"Je ka dawo da la'asar."

Tomas na juya baya, mutumin ya zo wurina. "Gwaggo, jar jarkar can nake so."

Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka.

"Gwaggo, ai a fashe take."

Na ce, "Kai ma ba fasa ta za ka yi ba? Rage maka aiki aka yi."

Ya biya yana ƙunƙuni. Ya auna mota da karan dawa, ya sa wa jarka wuƙa. Da ya kifa bodin sai tayoyin baya suka rage a waje.

Ya ce, "Motar ce ta cika tsawo. Turawa ba su iya awo ba."

Ya dawo neman wata jarkar. Ja guda ɗaya ta rage a duk kasuwar, kuma a rumfata take, shi ya sani, ni na sani. Ban tausaya masa ba.

Wannan karon ya zauna ya yi aiki. Ya yanka, ya lanƙwasa a bakin wuta, ya kankare robar nan har kana hango rana ta cikinta. Ya ɗaure bodin a jikin mota da waya, ɗaurin da sai dai a yanke.

Da la'asar Tomas ya dawo, ya tsaya turus. Motar tsere ya bari, motar kasuwar Kurfi ya tarar: dogon bodi a baya, da tsani, da wurin rataya buta. Har da rubutu a goshi. Ni ban san abin da rubutun ya ce ba, amma Tomas da ya karanta sai da ya dafe kai.

"Malam, mene ne wannan?"

"Mota ce."

"Motar gudu ce fa na kawo maka. Ina ruwanta da tsani?"

"Motar da ba ta da wurin kaya ai takalmi ce. Shi sojan in zai je ganin gida, a ina zai sa dawa?"

Tomas ya ɗaga ta ya ji ba nauyi, kamar fanko. Ya yi ajiyar zuciya. "To, mu gani ko tana tafiya."

Mutumin ya riƙe masa hannu. "Tsaya. A tashar Kurfi ba a gwada mota wayam. In an sa sabon bodi sai da fasinja, don a ga yadda take zama a kwana."

"Wane fasinja zai shiga nan?"

Mutumin ya dubi kejina. "Gwaggo, ara mini ɗan tsako ɗaya."

Na ce, "Kajina ba sa zuwa aro. Saya."

Ya saya. Ya sa ɗan tsako a bayan mota, ya ɗaure masa ƙafa da ƙirji a jikin bodi da zare ninki uku, wai kada fasinja ya faɗo a zage shi. Muka ɗunguma fili bayan rumfar mahauta, don nan ne babu jama'a. Babu jama'a kam, sai shirwa da ke shawagi kullum suna jiran hanji.

Tomas ya danna. Mota ta kwasa a guje, ɗan tsako na tsiyau-tsiyau.

Mutumin ya riƙe ƙugu. "Ka ga zama? Ko girgiza ba ta yi. Ƙara mata wuta."

Tomas ya ƙara. Tana kaiwa tsakiyar fili sai wata ƙatuwar shirwa ta sauko ta suri fasinja. Fasinja na ɗaure da bodi, bodi na ɗaure da mota. Duka ta yi sama da su, tayoyi na ta juyawa a iska.

Tomas ya bi ta da gudu yana danne-danne. Mutumin na biye da shi yana cewa, "Karya kwana, Malam Tomas. Sa ribas."

Shirwa ta haye saman kuka, ta wuce, ta miƙe hanyar Makera har ta zama ɗigo. Tomas ya dawo ba takalmi ɗaya, ya ci kwalar mutumin.

"Yanzu jibi me zan gaya wa Ernest?"

Mutumin ya kare ido da hannu, ya dubi sama, ya ce, "Ka ce masa canjin wurin aiki aka yi mata, ta koma sojan sama."