Shagon da Ya Ɗaga Cinikin Daji

Shekarar da damina ta yi wa Dajin Kalgo rowa, jakuna suka rame har ana hango haƙarƙarinsu daga tsallaken rafi. Akwai wata tsohuwar doka a dajin: duk sa'ad da ciniki ya faɗi a shaguna, alama ce talaka ba shi da abin hannu, sai a buɗe rumbun Sarki a raba hatsi. Dokar ba ta da laifi. Sai dai Kura aka naɗa Ministar Ciniki, kuma daga bakinta ake jin ko ciniki ya faɗi.

Jakuna suka tura dattijonsu, Baba Goho, gaban Sarki Zaki. Ya baro matarsa Kyalla kwance a gida, yunwa ta hana ta tashi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a buɗe rumbu.

Kura ta miƙe, ta gyara murya. "Ranka ya daɗe, kullum ma'aikatana suna duba sawu a ƙofar shaguna. Tun kafuwar dajin nan ba a taɓa ganin sawu irin na bana ba. Tattalin arziki ya kama hanya, sai dai 'yan adawa su mutu da baƙin ciki."

"Allah ya ba ka nasara, sawunmu ne," in ji Baba Goho. "Zuwa muke mu tambayi farashin tiyar gero, mu ce Allah ya kyauta, mu juyo. Da yamma mu koma ko ya sauka."

"To ka ji!" in ji Kura. "Sau biyu ma a rana. Wannan ai sha'awar ciniki ce."

Zaki yana son a ce masa adali, musamman bayan ya ƙoshi. Ya ce a bar zancen sawu, daga yau wanda ya fito daga shago da ƙunshi a hannu shi kaɗai za a lissafa. In aka ga babu masu ƙunshi, wallahi da hannunsa zai buɗe rumbun. Baba Goho ya koma gida da murna, ya ce wa Kyalla ta daure, saura ƙiris.

Aka shiga jira. Kura ta ce sai an kafa kwamiti, kwamiti ya ce sai an horar da ma'aikata kan yadda ake gane ƙunshi. Abin takaici, duk dajin babu wanda ya yi mamaki.

Da rani ya yi nisa, sai ga Kura a fada tana washe baki. Ta ce shagunan gero sun ɗan yi sanyi, ba ta musa ba, amma akwai wani shago na Ungulu a Unguwar Jakuna da ya rufe wannan giɓi har ya yi rara. Layi tun daga bakin hanya, ba mai neman ragi, ba mai fita hannu rabbana.

Zaki ya ce rumbu ya zauna a rufe, shi kuma zai je da kansa ya karrama mai shagon.

Suka tarar da layin yadda aka faɗa. Jakuna suka dare, Sarki ya wuce, ya ga shago fal da farin yadi, Ungulu tana ta yanka. Baba Goho ne a gaba, an miƙa masa nasa.

"A'a, dattijo!" in ji Zaki. "Kai ne mai kukan babu? Ga ka da sabon yadi. Na uwargida ne?"

"Nata ne, ranka ya daɗe. An riga an yi mata wanka, ni ake jira."

Zaki ya waiwayi Kura. Kura ta ce, ƙasa-ƙasa, ko ma na mene ne, ƙunshi dai ƙunshi ne, kuma haka doka ta ce.

Ungulu ta ga bai dace babban baƙo ya fita hannu sake ba. Ta jawo turmi mafi kyau, ta dubi Sarki daga geza zuwa wutsiya, ta sa almakashi ba tare da ta tambayi kamu nawa ba. Ta naɗe, ta miƙa da ladabi.

Zaki ya karɓa. Da ya juya zai fita, ya ga jakunan da suka dare masa ɗazu sun haɗe a bakin ƙofa, kowa da nasa ƙunshi, suna kallonsa.